Fulotai sun zame mita 140 a kan hoton tauraro: laifin fayil ne ko na manhaja?

Ɗan Ƙofar Ƙaura ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai. Ana haɗa taswirar wata sabuwar unguwa a gefen birnin Katsina daga fayiloli uku: iyakokin fulotai daga wani ofishin safiyo, layin bututun ruwa daga wata hukuma, sai wuraren asibitoci da makarantu da aka ɗauka da wayar hannu. Da aka ɗora su a manhajar taswira ta QGIS, asibitoci sun zauna daidai a kan hoton tauraron ɗan'adam, amma fulotan duka sun zame kudu maso gabas kimanin mita 140, har wasu sun hau titi. Fayil ɗin fulotan shapefile ne, wani nau'in fayil na taswira, kuma bai zo da .prj ba, wato ƙaramin fayil ɗin da ke faɗar tsarin awonsa. Lambobinsa na gabas da na arewa suna kusa da 348,000 da 1,436,000. Ina matsalar take? Kuma ashe babu wata ƙa'ida ta ƙasa da ta tilasta wa ofisoshi yin aiki da tsari ɗaya?

Tsohon Mai Safiyo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Manhajarka lafiya lau take. Lambobin nan na UTM ne, tsarin da ke raba duniya shiyya-shiyya, a shiyya ta 32, wadda ta taso daga digiri 6 zuwa 12 gabas, Katsina da Daura duk suna cikinta. Abin da ba a gaya maka ba shi ne tushen awon da aka ɗora su a kai. Safiyon filaye a Najeriya an daɗe ana yin sa a kan tushen awo (datum) na Minna, mai amfani da siffar duniya ta Clarke 1880. Waya da hoton tauraro kuwa a kan tushen awon duniya na WGS84 suke. Idan ka ɗauki lambobin Minna ka ce wa kwamfuta na WGS84 ne, a nan wajenmu fuloti zai faɗa kusan mita 80 gabas da inda yake, ya kuma sauka kudu kusan mita 120. Haɗa biyun, ga mita 140 ɗinka nan.

Gyaran mataki biyu ne, kuma jerinsu na da muhimmanci. Fara da umarnin Assign Projection a QGIS, ka ba fayil ɗin lambar tsarin awo EPSG:26332, wato Minna a UTM 32. Wannan bai taɓa lambobin ba, suna kawai ka raɗa masa. Sannan ka yi Reproject Layer zuwa EPSG:32632, wato WGS84 a UTM 32, ka adana da sabon suna. Masu tsallake matakin farko su ne ke dawowa suna cewa sun juya amma babu abin da ya motsa.

Wata rana za a kawo maka fayil na cikin birni mai lambobi kusa da 573,000 da 995,000. Kada ka ce ya lalace. Wannan tsarin ƙasa ne na NTM, ɗamarar tsakiya, EPSG:26392, wadda layinta na tsakiya yake digiri 8 da minti 30 gabas. Idan kuwa lambobin 'yan ƙanana ne, dubu kaɗan, to tsohon awo ne da aka ɗaura wa wani dutsen alama na cikin gari, kuma babu lambar EPSG da za ta cece ka sai an koma fili.

Injiniya Mai Bututu ya amsa:

Ranka ya daɗe, bayaninka ya yi, amma bari in sa masa linzami. Juyin da aka fi amfani da shi daga Minna zuwa WGS84 lambobi uku ne kacal: -92, -93 da +122, a mita. Ɗaya ne ga ƙasar baki ɗaya, kuma kuskurensa na iya kai mita da dama. Don taswirar tsara gari ko neman inda bututu ya bi, ya wadatar. Don rikicin iyaka tsakanin maƙwabta biyu masu fuloti hamsin da hamsin, ko kusa. Mita huɗu a irin wannan fili ɗaki guda ne.

Abin da ake yi shi ne a nemo duwatsun alama na gwamnati da ke kewaye da unguwar, aƙalla huɗu, waɗanda lambobinsu na Minna suke a rubuce. A ɗora na'urar GNSS (mai auna wuri ta tauraron ɗan'adam) mai igiyar zango biyu a kan kowanne, a bar ta ta ɗauki awo na sa'a ɗaya ko fiye, a fitar da juyi na wannan yankin kaɗai. A ware dutse na biyar don gwaji, kada a sa shi cikin lissafi. In wani dutse ya ƙi yarda da sauran, yawanci an tumɓuke shi ne lokacin gini aka mayar da shi da ido.

Kuma a kula da tsayi. GNSS na ba da tsayi daga siffar lissafi ta duniya, ba daga matakin teku ba. Wanda ya haɗa iri biyun a aikin magudanar ruwa zai ga ruwa na hawa tudu a takarda.

Malama Mai Ƙidaya ta amsa:

Kun yi maganar awo, ni sunaye ne ke cinye mini lokaci. Jihar nan na da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma kowane ofis da yadda yake rubuta su. Jibia da Jibiya. Dutsin-Ma, Dutsinma, Dutsin Ma. Mai'adua ta wajen Daura kuwa, alamar da ke tsakiyarta kaɗai ta isa ta watsa haɗin tebur biyu. Kada a taɓa haɗa bayanai da suna. A haɗa da lamba, sunan ya zama abin karantawa kawai. Sai dai a tambayi wace lamba da wace iyaka, don mazaɓar INEC da wadda ma'aikatan rigakafi ke aiki da ita ba ko yaushe suke faɗawa wuri ɗaya ba.

Shapefile ma ya kamata a yi masa ritaya. Sunan ginshiƙi ba ya wuce haruffa 10, kuma idan fayil ɗin .cpg mai faɗar tsarin haruffa ya ɓace, Ƙanƙara da Ɗanmusa sai su koma wasu alamomi marasa ma'ana. GeoPackage, wanda zai iya maye gurbinsa, fayil ɗaya ne, yana riƙe ƙ da ɗ da ɓ, kuma tsarin awon na cikin cikinsa, ba ya yawo daban balle ya ɓace a WhatsApp.

Tsohon Mai Safiyo ya ƙara da cewa:

Kan tambayarka ta biyu, ƙa'idoji akwai su. Tun 2003 aka tsara manufar ƙasa kan bayanan taswira, aka ɗora wa hukumar sararin samaniya ta NASRDA jagorancin rumbun haɗin gwiwa da ake kira NGDI. Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa tashoshin GNSS na dindindin, NIGNET, a 2008, kuma daga awonsu aka fitar da sabon tushen awo, NGD2012, wanda ke tafiya da na tauraron ɗan'adam. Amma harkar fili a hannun gwamnoni take tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, don haka jihohi da dama da babban birnin tarayya kowa da nasa rumbun: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, KATGIS a nan. Tsofaffin takardun mallaka kuma da lambobin Minna aka sa musu hannu, ba za a goge su da umarni ɗaya ba.

A ganina ba sai an jira kowa ya koma tushe ɗaya ba. Duk fayil da zai fita daga wani ofis zuwa wani ya ɗauki takardar bayani irin ta ISO 19115, ƙa'idar duniya ta bayanin fayilolin taswira: lambar EPSG, ranar awo, na'urar da aka yi da ita, girman kuskuren da ake tsammani, juyin da aka yi idan an yi, da ofishin da ke da alhakinsa. Layi shida ke nan. Bayanan da ke sauyawa kullum, irin na tituna da bututu, a buɗe su ta WMS ko WFS, hanyoyin raba taswira kai-tsaye ta intanet, maimakon kwafi a filasha, don kwafi goma kan zama gaskiya goma.

Kai kuma kafin ka miƙa aikin, ka ajiye fayil ɗin asali yadda ya zo, ka rubuta wa ofishin da ya ba ka su tabbatar da tushen awon a takarda, sannan ka gwada kusurwa uku na katangun da ke tsaye a fili ka gani ko sun faɗa kan layin fulotansu.