Tambaya: gadar rataya ta masu tafiya a ƙasa, ya ake fitar da ƙarfin kebul da zane kawai?

Dan_TudunWada: Salam yan uwa. Ina karanta sibil a Kadpoly, firojet ɗinmu ƙaramar gadar rataya ce a kan rafi, tsawo mita 20 faɗi mita 1, kuma malam ya ce ba ya son fomula, da rula da setsikwaya za mu nuna ƙarfin da ke cikin kebul. Nauyi duka da na mutane mun ɗauki kilonyutan 6 a kowace mita, sandunan rataya duk bayan mita 2. Daga ina ake farawa don Allah?

Injiniya_Kawo: Wa alaikumus salam ƙanena. Zane biyu za ka yi gefe da gefe, ɗaya na siffar gada ɗaya na ƙarfi. Sandunanka 9 ne, kowanne na ɗauke da kilonyutan 12. A zanen ƙarfi ja layi a tsaye ka jera nauyin sandunan ɗaya ƙarƙashin ɗaya da sikeli, ka ce santimita 1 ita ce kilonyutan 10, layin zai kai santimita 10.8. Sai ka sa ɗigo a gefe daidai tsakiyar layin tunda gadar taka dama da hagu ɗaya ne, ka ja layuka daga ɗigon zuwa kowace gaɓa, za su fito 10. Yanzu koma kan zanen gada, tsakanin sanda da sanda ka ja layi mai tafiya daidai da na wancan zanen, da setsikwaya kake zamewa da shi kar ka yi da ido, ɗaya bayan ɗaya daga hasumiyar da ke ɗauke da kebul a wannan gefe har ka isa ɗaya hasumiyar, to abin da ya fito shi ne siffar kebul ɗinka, kuma tsawon kowane layi a zanen ƙarfi shi ne jan da ke cikin wannan yankin. Awo kawai za ka yi.

Dan_TudunWada: Na gode Injiniya. To ɗigon fa, nisan nawa zan ba shi?

Injiniya_Kawo: Nan ne daɗin abin yake. Nisan ɗigo daga layin nauyi shi ne jan kwance na kebul. Sa shi ko'ina tukuna ka auna lotsawar tsakiya, in ta ninka abin da kake so sai ka ninka nisan. Lotsawar mita 2 za ta ba ka santimita 15 wato kilonyutan 150, layin ƙarshe na kusa da hasumiya kuma kusan 160, kebul biyu su raba. Gwada rage lotsawa zuwa mita 1 ka gani, ɗigon zai gudu zuwa 30, takardarka ma ba lallai ta isa ba. Kamar igiyar shanya ne, in ka ɗaure ta tamau ka ɗora jiƙaƙƙen bargo ƙusar bango ce ke fita. Ba sabon abu ba ne fa, injiniya Karl Culmann ya koyar da shi a Zurich ta ƙasar Switzerland tun shekarun 1860.

Maman_Hanif: Ni dai abin da zan ƙara, zanen nan na lokacin da gada ta cika da mutane ne gaba ɗaya. Ka sake wani da mutane a rabi ɗaya kawai, siffar za ta karkace, kuma malamai na son tambayar nan ranar difens. Sannan 150 ɗin nan ƙasa ce za ta riƙe shi ta anka, wato inda ake kafe ƙarshen kebul, kuma kowa ya san yadda bakin rafi ke zaizayewa a Kaduna in Agusta ta yi, ka ja ankarka baya sosai ka ɗaga dandamali sama da inda ambaliya ke kaiwa. Iska ma zanen ba ya nuna ta, ita ta kayar da gadar Tacoma a Amurka a 1940.

Dan_TudunWada: Allah ya saka Hajiya. Na rabin nauyin, ɗigon zai zauna a tsakiya ko sai na matsar da shi?

Maman_Hanif: Sai ka matsar. Sa shi ko'ina, ka haɗa farkon zanen kebul da ƙarshensa da layi, ka kwafo layin ta kan ɗigon, inda ya yanki layin nauyi nan ne rabon kowace hasumiya. Ɗigon gaskiya yana daidai saitin wurin.