Musayar waƙa a kan Henriette Ishimwe, mai jifan kurket ta Ruwanda

Ɗan Adar (Tahoua): Salamu alaikum. Na buɗe da yabon yarinyar da aka haifa a 2003, wadda ta fara buga wa babbar ƙungiyar kurket (wasan jifan ƙwallo da bugunta da sanda) ta ƙasarta a 2019.

Ku ba ni fili in yabi Ishimwe,
Ɗiyar Ruwanda da hannun damarta.
Shekara sha biyar take da haihuwa,
Ta sa rigar manya ta ƙasarta.
Jifa huɗu a jere, mutum huɗu waje,
Zimbabuwe ta shaida aikinta.

Hajiyar Yantala (Yamai):

Ɗan Adar, gidanku gidan kokowa,
Me ya kai ka kurket da yabawa?
Ba ka taɓa riƙe sandar wasan ba,
Sai jita-jita kake ta rerawa.

Ɗan Adar:

Yaya, makaɗi bai shiga fage ba,
Amma ba a kokowa in ba shi ba.
Ke da kike Yamai kusa da manya,
Ɗiya nawa kika horar? Ba mu ji ba.

Baban Zongo: Allah ya ƙara basira, Ɗan Adar! Wannan amsa ta isa, kuma duk Adar tana bayanka.

Malamin Aruli: Kafin a yi tafi, a duba awo. Ɗango na biyar a baitocin farko ya fi ƴan uwansa tsawo, kuma wanda ya rera shi da baki zai ji numfashinsa ya ƙare kafin ya kai ga amsa-amo. Na Hajiya sun fi zama daidai a kan kari.

Baban Zongo: Malam, kullum ma'auninka yana karkata wajen Yamai. A ɗangon nan ne duk bajintar take, don haka ba za a rage masa ko gaɓa ɗaya ba.

Malamin Aruli: Girman magana ba ya gyara karyayyen kari, ɗan'uwa.

Hajiyar Yantala: Ku bar gardamar awo, domin tambayar ƙanena ta taɓa ni. Na bincika, kuma ba jita-jita ba ce: a Janairun 2023 ne, a gasar duniya ta farko ta mata ƴan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu, ta fitar da ƴan wasa huɗu da jifa huɗu, sannan hukumar kurket ta duniya ta zaɓe ta gwarzuwar watan Maris na shekarar. Sai dai ba ita kaɗai ta gina kanta ba.

An buɗe filin Gahanga a Kigali,
Ana gasar Kwibuka don mata.
Yarinya ta sami wurin koyon jifa,
Ta sami manya masu riƙe ta.
Ɗiyanmu na Nijar suna da hannu,
Wa ya share musu fili, ƙanena, faɗa ta?

Ɗan Adar:

Yaya, Mali ta je Kigali da wuri,
Maki shida ta samu, aka kammala.
Duk da haka ta shiga, an san da ita,
Mu ko rajista ba mu yi ba, bare gwadawa.

Malamin Aruli: Ka fara da «la» ka ƙare da «wa», amsa-amon ya ɓace. Zancen Mali na 2019 gaskiya ne, amma a sake baitin.

Ɗan Adar: Zan sake shi bayan Isha'i, Malam. Yaya kuma ta shirya amsa.