Tiyata ce ke hana ruwan nono zuwa, ko raba uwa da jariri?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. An sa wa ƙanwata ranar tiyata saboda jaririn a zaune yake. Jiya wata ta ce mata ta tanadi madarar gwangwani tun yanzu, wai duk wadda aka yi wa aiki nononta ba ya kawo ruwa. Tun jiyan hankalinta a tashe yake. Gaskiya ne?

Uwar Uku: Wa alaikumus salam. Ni dai ba zan ƙaryata ba, don ni ganau ce. Biyu na haifa da kaina, ban sha wahalar shayarwa ba. Na ukun aka yi min aiki, kwana huɗu babu ruwa, yaron ya ƙi kamawa, ƙarshe madara muka koma.

Ungozoma: Sannu Yaya, Allah ya raya shi. Amma yaushe aka fara miƙo miki shi?

Uwar Uku: Sai washegari da rana. Wani ɗaki aka kai shi, ashe har an ba shi madara a fida.

Ungozoma: To nan gizo ke saƙar. Abin da ke sa nono ya kawo shi ne fitar mabiyiya. Da ta fita, sinadarin da ke riƙe da ciki ya sauka, sai jiki ya shiga haɗa ruwa, ko ta hanya ta fito ko ta tiyata. Cikowar nono kuwa kan kai kwana 2 zuwa 4 ga yawancin masu haihuwa. Kafin nan dakashi ne, ɗan kaɗan, kuma ya ishi cikin jinjiri. Tsotso ne ke kiran ruwa. In an kwana ba a tsotsa ba, yaro kuma ya ƙoshi da fida wadda ke zuba ba wahala, nono zai makara, shi ma ya yi ƙyuya. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a kwantar da jariri tsirara a ƙirjin uwarsa nan take, a sa shi a nono cikin awar farko, su kwana ɗaki ɗaya. Tun 1991 suke da shirin asibitoci a kan haka.

Nas Mai Dare: Anti, na yarda da rabin maganarki, amma kar mu wanke tiyata tas. Ni nake kwana da matan nan. Mace ɗinki na ja, ba ta iya juyawa, ta yaya za ta gyara wa yaro kamu? Wadda aka sa barci gaba ɗaya ma ba ta san inda take ba a awar farkon. Wadda ta zubar da jini da yawa nononta na iya jinkiri ko da yaro na jikinta.

Ungozoma: Ban musa ba, ƙanwata. Tiyata na jawo jinkiri, amma jinkiri daban, rashi daban. Kuma zubar jini ba sai an yi aiki ba. Haka in guntun mabiyiya ya rage a mahaifa, ruwa ba zai ciko ba sai an fitar da shi. Allurar rage zafin naƙuda irin petidin, in an yi ta dab da haihuwa, sai yaro ya fito da barci ya kasa tsotso. Duk wannan na samun wadda ta haihu da kanta.

Uwar Uku: Wato da laifina ke nan? Shekara biyu abin nan na ci min rai.

Nas Mai Dare: A'a wallahi, Yaya. Kina kwance da ɗinki, ba ke kika ɗauke shi ba. Ni abin da ke damuna, an mai da rabuwar kamar dole. Rahoton hukumomin nan na 2018 ya ce jarirai 3 cikin 5 a duniya ba a sa su a nono a awar farko. Aunawa da wanka na iya jira, wankan ma an ce a bari sai bayan awa 24. Sai in yaro bai numfasa da kyau ba ko uwa na cikin haɗari, nan kam ceto ne gaba.

Maman Biyu: To me zan faɗa mata yanzu?

Ungozoma: Ta yi magana da likitanta kafin ranar. In allurar baya za a yi mata, idonta biyu, ana iya ɗora mata shi a ƙirji tun ana ɗinki ko da an fito da ita. Ta roƙi kar a ba shi komai sai likita ya ga dalili. Ke kuma ki tsaya kusa ki riƙa miƙa mata shi, ta shayar a kwance ta gefe ko ta riƙe shi ta ƙarƙashin hammata don kar ya danne ɗinkin. In barci ya hana shi kamawa, ta matsa dakashin da hannu a ba shi a cokali, sau 8 ko fiye a dare da rana.

Nas Mai Dare: Ta kuma karɓi maganin ciwo, kar ta daure. Akwai waɗanda ba sa cutar da mai shayarwa.

Uwar Uku: Ina da ciki yanzu, wata shida, an ce aiki za a sake. Ranar awo zan tambaye su maganar ɗora shi a ƙirjin.