Neman shawara: ciwon hantsa ya ƙi jin magani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina da saniya ruwa-biyu, Bunaji da Firisiyan, wadda ciwon hantsa ya kama sau uku tun da ta haihu, kuma kullum a nono ɗaya na baya. Na yi mata allurar oksitetirasaikilin, na koma fenisilin. Kumburin yakan sauka, amma kafin mako uku gudaji sun dawo cikin madarar. Yanzu wurin ya yi tauri. In ƙara yawan maganin ne, ko in sauya wani?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam. Malam, ka dakata da allura tukuna. Bayaninka ya yi kama da aikin ƙwayar cutar Sitafilokokas, wadda take nutsewa cikin naman hantsa ta yi ƙananan maruru inda magani ba ya isa sosai, kuma da yawa daga cikinta suna fitar da sinadarin da ke lalata fenisilin. Duk allurar da aka yi da ka, raunanan ƙwayoyin take kashewa, masu taurin kan su samu filin hayayyafa. Idan maganin ya fita daga jikinta, ka goge kan nonon, ka zubar da tatsar farko, ka tara kaɗan a kwalbar gwaji cikin ƙanƙara, ka kai asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, a gano ƙwayar da maganin da take ji.

Wani dattijo makiyayi: Ɗana, hannun mai tatsa da tsumman goge hantsa su ne ke yaɗa ciwon nan a garke, saboda haka saniyar nan za a riƙa tatsa a ƙarshe. Madarar da aka tatsa lokacin allura kuma a zubar. A gidana uwargida ce ta fara lura cewa kindirmonta ya ƙi kamawa saboda maganin da ke cikin madarar.

Likitan dabbobi: Gaskiyar Baba ce. Magani ya fi tasiri idan an daina tatsa, kimanin kwana 60 kafin haihuwa, a matsa na cikin nono wanda yake daɗewa. Idan ciwon ya dawo bayan ta haihu, a sa likita ya busar da nonon nan ta ci gaba da ukun, ko a sayar wa mahauta bayan kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin sun cika.