Yaya zan lanƙwasa kwali ya ba ni tulluwa?

Salamu alaikum, yayyena masu zanen gine-gine. Ina aji ɗaya, an ba mu aikin haɗa samfurin ɗaki da kwali a ma'aunin 1:50, don mu nuna sararin ciki. Na zaɓi soro mai ɗaurin guga (rufin tulluwa da ke zaune a kan baka masu gicciye juna), faɗinsa mita 4, wato santimita 8 a samfuri.

Bango da bakan gizo (lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗaukar rufin) sun tsaya. Rufin ne ya gagare ni: kwali ta gefe ɗaya yake lanƙwasuwa, in na matsa masa ta biyu sai ya karye. Na gwada laka, nauyinta ya durƙusar da bakan. Ga shi malam yana so a riƙa ɗage rufin ana leƙa ciki. Don Allah, in yanyanka kwalin sala-sala in manna da gam, ko akwai dabarar da ta fi?