Tayar sanyi a motar haya, in saya ko in haƙura?

Ɗan Ringim:
Salam jama'a, don Allah masu sanin mota ku ba ni shawara. Golf ce nake lodi da ita Ringim zuwa Kano, tayoyin gaba sun suɗe, na shiga Ƙofar Ruwa wani ya fito min da 'yan Beljiyam guda biyu zanensu ba abin da ya taɓa shi, a gefe akwai hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki, wai tayar sanyi ce ta Turawa ta fi kama ƙasa ga hunturu na zuwa, kuma ta yi araha sosai. In ɗauka?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa sanyin da aka yi wa tayar nan ba irin namu ba ne fa. An yi ta ne don inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7, ƙanƙara ta rufe titi, a Jamus ma doka ce in hanya ta yi ƙanƙara sai da ita. Robarta laushi gare ta don kar ta sandare a can. To mu hunturun namu na asuba ne, ƙarfe goma rana ta buɗe shikenan, balle a shiga Afrilu zafi ya haura 40 kwalta na turiri kai kuma ka ɗauko mutum shida da buhunan gero a but. Nan da nan za ta cinye, kuma in ka taka birki da rana motar sai ta ƙara tafiya kafin ta tsaya.

Mai Faci Gumel:
Maigida latsa zanen da farce ka ji, za ka ga yana lotsawa, ga ƙananan tsage-tsage a jiki. Irinsu ake yawan kawo min sun yi ƙulu. Amma ni abin da zan ce ka duba ma shi ne lambar nan huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT na gefen tayar, masu nuna lokacin da aka yi ta, misali 2318 sati na 23 ne shekarar 2018. Da yawa zanen na nan lafiya amma tayar ta tsufa a sito, 'yan Road Safety kuma shekara huɗu suke lissafawa daga ranar da aka yi ta.

Auwalu Taura:
Ni dai gaskiya na taɓa sa ta da damina, a hanyar ƙauyenmu mai laka ta yi ƙoƙari ba laifi. Ba kowa ke da kuɗin sabuwa ba yanzu.

Baban Ummi:
Haka ne Malam Auwalu, amma kai gona kake zuwa a hankali, shi kuwa rayukan mutane yake ɗauka a kan kwalta kullum. Gara ya lallaba ya sa sababbi biyu ko ƙaramin kamfani ne, ya duba inda aka rubuta Temperature a gefen tayar, wato ƙarfin jure zafinta, ya ga A ko B.

Ɗan Ringim:
Na gode Allah ya saka da alheri. Mai Faci nawa ake sayar da sabuwar taya mai rim 14 a wajenku yanzu?