Wace kwamfuta ce za ta ɗauki SolidWorks a garin da wuta ba ta zama?

Ɗalibi daga wani ƙauye kusa da Ringim:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji biyu a sashen injiniyan kanikanci a Wudil, zangon da za mu shiga kuma za a fara mana AutoCAD da SolidWorks, manhajojin zanen injiniya. Baba ya sayar da riɗinsa ya ce in je Kano in sayi kwamfutar tafi-da-gidanka, amma ya ja mini kunne cewa sau ɗaya zai saya har in gama. Hutu a gida nake yinsa, garinmu kuwa sai a kwana uku ba a ga ƙyallin wuta ba. Yayyena da kuka riga mu, me kuka gani?

Wanda ya gama a Kazaure:
Wa alaikumus salam ƙanina. Ni tambarin da ke liƙe a jikin kwamfuta ne ya cuce ni. Na ga an rubuta Core i7, mai shago ya ce ai babu sama da ita, na biya ina murna. Ashe i7-4600U ce, ram ɗinta (ma'ajiyar aikin wucin gadi) gig 4, ga tsohon hadis mai juyawa. Zanen fili na AutoCAD ta yi shi lami lafiya. Ranar da na haɗa giyabos mai sassa wajen talatin a SolidWorks, na juya shi da linzami, sai ta ƙame ƙam, har na je na yi alwala na dawo ba ta farfaɗo ba. Ka koyi karanta lambar nan: 4 ɗin farko zubin firosesar ne, wato tsohuwa ce tukuf. Harafin U kuma na masu tattalin batir ne, H ne na aikin ƙarfi. Kada ka sauka ƙasa da zubi na 8, domin daga nan Windows 11 ke karɓar na Intel, Windows 10 kuwa an daina tallafa mata tun Oktoban 2025. Ram 16, da SSD, wato hadis na zamani mai sauri wanda ba ya juyawa. Kan waɗannan biyun kada ka yi ciniki da kowa.

Injiniyar gine-gine daga Haɗeja:
Kawuna ya kawo mini tsarabar MacBook, kyakkyawa kamar ka lasa. Sai da na zo saka Revit, manhajar zanen gini, na gane a Windows kaɗai yake aiki, haka ma SolidWorks. Musaya na yi na karɓi HP ZBook ta hannu mai katin zane na Quadro, wato sashen da ke sarrafa hoto, ƙirar kamfanin Nvidia. Nauyi ne da ita kamar dutsen niƙa, kafaɗata ta shaida, amma shekara huɗu ke nan tana ci. Irinsu Dell Precision da ThinkPad masu harafin P duk don wannan aikin aka ƙera su.

Mai haɗa sola a Gumel:
Duk kun yi maganar ƙarfi, ba wanda ya taɓo wuta, alhali ita ce tambayar yaron. Ƙanina, kafin ka dubi fuskar kwamfuta, juya cajarta ka karanta bayanta. Ta ofis wat 65 ce galibi. Manyan nan na wasa da na zane kuwa daga 150 har 230 ake samu. Yi lissafi da kanka tunda injiniya za ka zama: idan tana jan wat 150 na awa huɗu, ta sha 600 ke nan. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe 1,200, kuma irin na ruwan nan ba a so a zuƙe shi fiye da rabi in ana son ya yi ƙarko. Ka ga kwamfuta ɗaya ta shanye rabon gida gaba ɗaya, babu fitila, babu fanka, Inna kuma ba za ta yafe maka ba. Akwai yaron da na haɗa wa ƙaramar inbata, da ya jona tasa ya fara aiki sai ta hau kuka tana ɗaukewa. Ya kai wa mai cajin waya a bakin kasuwa, shi ma da ya ga girman cajar ya ce sai dai a biya kuɗin waya biyar. Wani abin kuma, da zarar ka zare irin waɗannan daga wuta suna rage gudu da kansu, batirin ma da ƙyar ya kai awa biyu in aikin mai nauyi ne.

Malamin makarantar fasaha, Bichi:
Ni fa ban yarda sai da babban katin zane ba. Da i5 zubi na 8 da ram 16 na yi aikin kammala karatuna, babu wani Nvidia. Abin da ya fi ƙarfinta, irin manhajar gwajin ƙira ta ANSYS, ɗakin kwamfutocin makaranta nake kai shi. Autodesk, kamfanin AutoCAD, na ba ɗalibai lasisin shekara guda kyauta, ana sabuntawa, sai dai ka sauke manhajar a makaranta, don da datar waya a ƙauye za ka yi kuka.

Wanda ya gama a Kazaure:
Malam, a gafarce ni, aikinka zanen fili ya fi yawa. Shi ɗan kanikanci ne, sassa zai riƙa haɗawa. Ko mai katin zane na GTX 1650 ce ya samu.

Mai gyaran kwamfuta, Ɗambatta:
Ko wacce ka saya, ƙura da zafi ne ajalinta. Jiya na buɗe wata da mai ita ke cewa tana mutuwa da kanta. Abin da na zaro daga fankarta kamar audugar katifa, ja wur da ƙurar hunturu, shi kuma a kan katifar ma yake ɗora ta, a zafin Afrilu da ke haura 40. Ka samo mata katako ko tire, ka ɗaga bayanta iska ta ratsa, a share fankar duk bayan hunturu. A kasuwa kuma kada kunya ta hana ka zama. Ka sa a kunna ta, ka buɗe Command Prompt, wurin rubuta umarni a Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport ka ga abin da ya rage na batirin, ka tambaya ko ram ɗin a narke yake a jikin allo ko ana iya ƙarawa. Ka bar ta tana aiki rabin awa, ka sa tafin hannu a ƙasanta. Mai shagon da ya hana ka wannan, yi masa sallama.

Ɗalibi daga kusa da Ringim:
Allah ya saka da alheri. Na shiga kasuwar Farm Centre ta Kano yau, na tsaya a kan wata i5 mai H, zubi na 9, da GTX 1650. Ram ɗinta 8 ne amma akwai gurbin ƙari, mun yi da mai shagon zai cika 16. Batirin saura kashi 70. Cajar ce dai wat 90 ya haɗo mini, alhali a ƙasan kwamfutar 150 aka rubuta, ya ce wai duk ɗaya ne. Na ce sai na yi shawara. Yaya na Gumel, in karɓa ko in dage sai ya nemo tata?